Digirin digirgir kan gadon cutar mantuwa da taɓin hankali, wa ya san hanya?

Sadiya Lissafi: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar karatu a gidan nan. Ƙididdiga na karanta, na yi mastas ɗina a nan Legas, yanzu ina aikin data a Ikeja, amma raina yana kan digirin digirgir kuma fannin da ya tsaya min shi ne binciken ƙwayoyin gado na cutar mantuwar tsofaffi da taɓin hankali. Jami'o'in Turai suna neman ɗalibai a fannin da kuɗinsu da komai, abin da ke ba ni tsoro ban karanta likitanci ba, bayoloji ma tun sakandare rabona da shi. Irina za su ɗauka kuwa? sannan in na yi, me zai amfana wa mutanenmu, ko dai zan je in ƙirga wa Turawa cututtukansu ne kawai in dawo

Ɗan Agege: Wa alaikumus salam Anti Sadiya, Allah ya ba da sa'a. ni fa ban gane ba, me ya haɗa lissafi da ciwon ƙwaƙwalwa? na ɗauka wannan aikin likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ne

Abban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, irinki ake nema ido rufe. Ni ma ta lissafi na shigo, tun ina koyarwa a Obalende kafin in taho nan, kuma a inda muke aiki masu lissafi da masu kwamfuta sun fi likitoci yawa. Bayolojin da kike buƙata za ki tsince shi a hanya, wanda bai iya ƙididdiga ba shi ne zai sha wuya kafin ya kamo ki.

@Ɗan Agege ga yadda abin yake. DNA ɗin mutum haruffa ne wajen biliyan 3, ni da kai kusan duk iri ɗaya muke da su sai a wasu wurare 'yan miliyoyi da muka sha bamban. To sai a tara masu cuta dubu goma-goma a tara marasa ita, a bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya ana duba wane harafi ne ya fi yawa a ɓangaren masu cutar. Shi ne ake ce wa GWAS. Mai binciken ba ya riƙe allura, abin da ke gabansa tebur ne a kwamfuta mai layi dubu ɗaruruwa. Matsalar ita ce in ka yi gwaji sau miliyan dole wasu su fito kamar gaskiya alhali dace ne kawai, shi ya sa ba a karɓar sakamako sai yiwuwar dacen ta yi ƙasa da 5 cikin miliyan 100. Wa zai tsare wannan in ba mai lissafi ba?

A 2014 gamayyar masu bincike da ake kira PGC sun fitar da wurare 108 masu alaƙa da sikizofireniya, wato irin taɓin da mutum ke jin muryoyi ko yake ganin ana bin sa, a 2022 suka kai 287. A 2022 ɗin dai aka fitar da wurare 75 na cutar Alzheimer, wadda ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na cutar mantuwa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sadiya Lissafi: Na gode Yaya, wallahi har na ji sanyi. To amma in an gano wurare 287 ai an gano sanadin kenan, me ya rage wa ɗalibi?

Abban Hanifa: Ina! nan ne ma aikin ya fara. Kowane wuri ɗan ƙanƙanin haɗari yake ƙarawa, kuma yawancinsu ba a cikin ƙwayar gadon suke ba, a gefenta suke inda ake kunna ta ko a rage mata ƙarfi, sai an sake wani lissafin kafin a san wacce ake nufi. Amma in an dace abin yana buɗe ido. Misali a 2016 an bi alama mafi ƙarfi ta sikizofireniya a kuromosom na 6, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, har aka kai ga ƙwayar C4, wadda ke da hannu wajen rage mahaɗan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, aikin da ke tsananta lokacin samartaka, kuma daidai shekarun ne cutar ta fi bayyana. A Alzheimer kuma wurare da yawa sun nuna ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa masu share datti, abin da da can ba a mai da hankali kansa sosai ba. Babbar cikinsu dai har yau APOE ce a kuromosom na 19, tun 1993 aka gano a jami'ar Duke ta Amurka cewa nau'inta na 4 yana ƙara haɗari, a wajen Turawa mai guda ɗaya wajen ninki uku, mai biyu kuwa ninki goma ko kusa da haka. Ki riƙe kalmar nan "a wajen Turawa", za mu dawo kanta

Alhajin Abbatuwa: Salamu alaikum yara. Ni ban yi boko mai nisa ba amma ina bin ku tun ɗazu. Zancen gado ba sai an koya wa mai harkar dabbobi ba, Balami ba ya haifar Yankasa, kuma in ka ga ɗan rago ka san ubansa tun kafin a gaya maka. Wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗibar jini. Jinin wa za a ɗiba, ina za a kai shi, wa zai riƙe? Mu muna da wayo lokacin sanƙarau na 1996 da kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa kan yara a Kano, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Har gobe in ka ce wa tsoho a wajenmu Bature na son jininsa zai tashi ya bar maka wurin. 'Yata Sadiya ki yi karatunki Allah ya yi albarka, amma kar a mai da ke 'yar aiken kwasar jinin iyayenki.

Abban Hanifa: Ranka ya daɗe Baba Alhaji, maganarka ta farko ta fi yadda kake zato nauyi. Lissafin da muke amfani da shi a kan mutane, da yawansa daga masu kiwo ya fito. Tun 1918 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Ronald Fisher, ya nuna yadda ƙwayoyin gado masu yawa, kowace da ɗan tasirinta, suke haɗuwa su ba da abu kamar tsawo, masu zaɓen irin shanun madara suka ɗauka suka gyara shi shekara da shekaru, daga baya masu binciken cutar ɗan Adam suka aro. Wanda ya karanta kiwon dabbobi a Zariya ya zauna da mutanen cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika zai iya shiga fannin nan kai tsaye. Maganarka ta biyu kuma ba ni da bakin musa ta, bari Likita ta amsa ita ce a asibiti

Likita Maijidda: Barkanmu da dare, yanzu na sauka daga aiki. Baba Alhaji abin da ya faru a Kano ya faru, kuma har rigakafin shan inna sai da ya ji a jikinsa a 2003, ba wanda zai ce ka manta. Bambancin da zan nuna maka shi ne wannan binciken ba a ba mutum magani ya sha, jini kaɗan ne ko ma yawu, sai tambayoyi. Kuma yanzu dole bincike ya bi ta kwamitin ɗa'a, a yi wa mutum bayani da harshensa, ya yarda ko ya ƙi, in ya ƙi ba a hana shi magani. Shirin H3Africa da aka ƙaddamar a 2010 an gina shi ne kan cewa 'yan Afirka su jagoranci binciken kuma a ajiye samfurin a Afirka, ma'ajiya ɗaya tana Abuja, ɗaya a Yuganda, ɗaya a Afirka ta Kudu. Ban ce komai ya gyaru ba, musamman a kan mai taɓin hankali ko tsohon da ya rikice, wanda wani lokaci ba ya cikin halin da zai ce e ko a'a da kansa. Wannan kam sai an sa ido sosai. Amma wa zai sa idon in duk teburin babu namu ko ɗaya?

Alhajin Abbatuwa: Na ji Likita. Takarda dai takarda ce, na ga an sa hannu an saɓa. Amma maganarki ta ƙarshe ta shige ni, gara a ce akwai ɗanmu a ɗakin da ake yanke shawarar.

Likita Maijidda: @Sadiya ki bar ni in ba ki labarin da ya kamata duk ɗan Najeriya mai son fannin nan ya sani, ba nesa ba ne, nan Ibadan ne. A 1992 aka fara wani bincike tsakanin jami'ar Ibadan da jami'ar Indiana, Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi a nan, Farfesa Hugh Hendrie a can. Suka ɗauki tsofaffin Yarbawa a unguwar Idikan da tsofaffin baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indianapolis, 'yan shekara 65 zuwa sama, suna bin su da gwaji iri ɗaya shekara bayan shekara. Da sakamako ya fito a 2001, a Ibadan kashi 1.35 cikin 100 ne ke kamuwa da cutar mantuwa a shekara, a Indianapolis kashi 3.24, ya fi ninki biyu, alhali asalin kakannin da yawansu daga yankinmu ne na Afirka ta Yamma.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne APOE ɗin da Yaya ya ambata. Nau'i na 4 yana da yawa a jikin Yarbawan, amma bai yi musu ɓarnar da yake yi wa Turawa ba, da aka ci gaba da bin su sai aka ga mai guda biyu ne haɗarinsa ya ƙaru, shi ma bai kai na can ba. Abinci ne? kitsen jini ne? hawan jini? ko mutanenmu suna rasuwa ne da wasu cututtukan kafin mantuwar ta riske su? ko wani abu ne a DNA ɗin da ke kewaye da APOE ɗin yake rage mata dafi? Har yanzu ana kan wannan tambayar, kuma duk wanda ya warware ta ya taimaki duniya gaba ɗaya ba mu kaɗai ba.

Abban Hanifa: Allah ya saka Likita, nan nake son zuwa. A 2018 an nuna cewa in guntun DNA da ke kewaye da APOE4 asalinsa na Afirka ne, haɗarin ya fi sauƙi a kan in na Turai ne, ko da a jikin mutum mai gaurayen asali. Kuma a 2013 da aka duba baƙaƙen fatar Amurka su kaɗai sai wata ƙwaya ABCA7 ta fito da ƙarfin da ba ta nuna a Turawa ba.

To ga inda gizo ke saƙar. A lissafin 2019, wajen kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi GWAS da su Turawa ne, 'yan asalin Afirka kashi 2 ne ko kusa da haka. Ma'ajiyar bayanan gado ta Birtaniya, UK Biobank, da kowa ke gudu wajenta mutum dubu 500 ne da aka ɗauka daga 2006 zuwa 2010, fiye da kashi 90 fararen fata. Akwai makin haɗari da ake haɗawa daga dubban wuraren nan, in ka gina shi da jinin Turawa ka gwada a kan ɗan Afirka sai kaifinsa ya faɗi warwas. A shirin 1000 Genomes da ya karanta DNA ɗin mutane daga sassan duniya al'ummomi 26 ne, daga Najeriya akwai Yarbawan Ibadan akwai Esan, babu Bahaushe babu Babarbare. Alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado, a 2020 mutum 426 kacal H3Africa ta karanta DNA ɗinsu aka samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Kuma guntayen da ake gado a haɗe sun fi gajarta a wajenmu, wanda hakan ke sauƙaƙa gane ainihin harafin da ke da laifi. Ba alfarma za a yi mana ba in an sa mu, su ma suna buƙata.

Sadiya Lissafi: Subhanallah, Ibadan da ba ta wuce tafiyar awa uku a jirgin ƙasa ba amma ban taɓa ji ba. Yanzu tunanin da ya zo min, in aka ce za a yi irinsa a nan Legas ai akwai tarko, a ce marasa lafiyar yawancinsu Hausawan Idi-Araba ne, masu lafiyar da za a gwada su da su kuma Yarbawa, duk harafin da ya bambanta Bahaushe da Bayarabe zai fito kamar shi ne na cutar ko?

Abban Hanifa: Kin gani ko. Wannan tambayar da kika yi ita ce rabin fannin, akwai hanyoyin cire tasirin asali daga lissafin kuma har yau ana rubuta digirin digirgir a kan gyara su. Ki faɗi wannan a intabiyu kawai.

Likita Maijidda: Ni kuma tarkon da nake gani kullum a wajen auna cutar yake. Gwajin da aka saba yi a asibiti zai ce wa tsohuwa ta rubuta jimla, ta zana agogo, ta riƙa cire 7 daga 100. Hajiyar da allo ta yi, ta haddace izu goma, tana riƙe da lissafin adashen mata talatin a ka, sai ta faɗi gwajin a rubuta ta rikice. Mutanen Ibadan sai da suka ƙirƙiro gwajin da bai dogara da boko ba, suna haɗawa da tambayar wanda ke zaune da tsohon. Shekaru ma da abubuwan tarihi suke ƙiyasta su, mu a namu sai ka ce Baba kana da wayo da Sarauniya ta zo a 1956? da aka kashe Sardauna a 1966 ka yi aure? da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973 'ya'yanka nawa? In an auna cuta ba daidai ba duk ƙwarewar mai lissafi aikin banza ne.

Maman Khairat: Ku yi haƙuri in katse ku, tun ɗazu nake karantawa ina hawaye. Surukata tana wajenmu a Idi-Araba, mun ɗauko ta daga gida saboda ba mai kula da ita. Da safe lafiya lau, za ta sha kokonta ta yi wasa da jikoki. Amma da la'asar ta yi sanyi sai ta ɗauko zani ta shimfiɗa, ta zuba kayanta har da carbi da 'yar robar goronta ta ƙulle, ta tsaya bakin ƙofa ta ce a buɗe mata za ta tafi gida kar Baffa ya yi faɗa, Baffan nan mahaifinta ne ya rasu tun kafin a haifi mijina. Ta kan yi sallar magariba ta sallame ta sake tayarwa. Ta ci tuwo ta wanke hannu ta ce wa baƙi tun safe ba a ba ta komai ba, ni kuma a kalle ni. Ɗan da ta haifa wani lokaci Malam take ce masa tana rufe fuska, amma in ka ja mata Tabaraka za ta kai ta ƙarshe ba gyara.

Rannan aka bar ƙofa a buɗe ta fice. Muka bazama har dare, ashe ta kai wajen Mushin, mutane sun kewaye ta tana ta Hausa ba mai jin ta, wasu har sun fara cewa mayya ce ta faɗo. Wani mai shayi ɗan Arewa ne ya ji abin da take faɗa ya shiga tsakani ya zaunar da ita a bencinsa ya yi ta kiran mutanen unguwa har aka same mu. Da babu bawan Allahn nan ban san me zai faru ba. Tambayata Likita, mijina da yarana su ma haka za su yi? don na ji ana cewa kakarta ma haka ta yi

Ɗan Agege: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya Anti, ya ba ki ladan haƙuri

Alhajin Abbatuwa: Allah ya saka wa mai shayin nan da Aljanna. 'Yata ki riƙe ta, ba za ki taɓe ba.

Ustaz Mil 12: Allah ya ba ta sauƙi. Maman Khairat wannan halin Alƙur'ani ya ambace shi a Suratun Nahli aya ta 70, cewa akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi raunin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ba maita ba ce ba kuma alhaki ba ne, kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kar ku matsa mata a kan yawan raka'a. Ni ina yin ruƙiyya kuma na yarda da ita, amma na sha cewa a kai mutum asibiti, saboda na ga matashin da aka ɗaure da mari ana cewa aljanu ne, da aka kai shi wajen likita ya samu magani yanzu yana sana'arsa a kasuwa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Inda nake da tsoro shi ne kar wannan ilimin ya sa a fara yanke wa mutane hukunci tun ba su yi ciwo ba.

Ɗan Agege: wannan shi ne tambayata Ustaz. yanzu kafin aure ana gwajin jinotayif, nan gaba za a ce sai an yi na taɓin hankali kenan? don ko yanzu in aka je bincike aka ji "gidansu akwai" magana ta mutu

Likita Maijidda: A'a ƙanena, kuma don Allah a yaɗa wannan. Sikila ƙwaya ɗaya ce, AS ya auri AS kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4, lissafi a fili. Taɓin hankali ba haka yake ba, dubban wurare ne kuma kowa a cikinmu yana ɗauke da wasu. Tagwaye masu kama ɗaya DNA ɗinsu ɗaya ne, amma in ɗaya ya kamu da sikizofireniya yiwuwar ɗayan ya kamu ba ta wuce rabi ba. Wanda uwa ko uba ke da ita wajen 1 cikin 10 ne, wato 9 lafiya lau. Wiwi da ƙwaya tun ana yaro, wahalar haihuwa, tashin hankalin rayuwa duk suna da nasu kason. Babu gwajin jinin da zai ce wa mutum za ka haukace, duk wanda ya ce zai yi maka kuɗinka yake so.

@Maman Khairat irin mantuwar da ake gado kai tsaye daga uwa ko uba tana da wuyar samu, ba ta kai 1 cikin 100 ba, kuma da wuri take kamawa, shekara 40 ko 50. Wadda ta zo da tsufa irin ta Hajiya tana ɗan ƙara haɗari ga 'ya'ya amma ba hukunci ba ce. Kwamitin masana na mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da in an kula da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100, ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji, raunin gani, buguwar kai, kaɗaici da ƙarancin karatu. Maigidanki ya fara da auna hawan jini.

Maman Khairat: Alhamdulillah, wallahi kin sauke min dutse. Dama abin da ke cina kar a ce 'ya'yana mata gidansu akwai, shi ya sa ko maƙwabta ba na bari su shigo da yamma

Sadiya Lissafi: Allah ya ba Hajiya lafiya Anti. Yaya Abban Hanifa to ta ina zan fara, a aikace?

Abban Hanifa: Ki fara da hannunki kafin takarda. Manhajar ƙididdiga ta R kin iya na sani, ki ƙara Python da Linux, sannan PLINK ta nazarin ƙwayoyin gado, kyauta ne duka. Bayanan 1000 Genomes a buɗe suke, taƙaitaccen sakamakon PGC ma ana saukewa kyauta, ki yi ɗan aiki ko da kwatanta yawan wasu haruffa ne tsakanin Yarbawa da Turawa, ki ɗora a shafin GitHub inda ake baje irin wannan aikin. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ya isa wannan, ki dai sauke manyan fayil inda intanet ke da ƙarfi. Farfesa ya fi son ganin wannan a kan doguwar wasiƙar "tun ina yarinya nake son kimiyya".

Wurare kuma, a Birtaniya akwai Cardiff da King's College London da Edinbura, a Denmak akwai Aarhus, akwai Oslo a Norwe, Karolinska a Suwidin, Amsterdam a Holan, Queensland a Ostireliya, a Amurka akwai cibiyar bincike ta Broad. A Holan da Suwidin da Norwe da Denmak ɗalibin digirgir ma'aikaci ne, albashi ake biyansa, gurbin aiki ake tallatawa ki nema kamar kowane aiki. A Birtaniya ki duba da kyau ko kuɗin ya haɗa da ɗalibin waje, don wani tallafin kuɗin makarantar 'yan gida kawai yake biya, ragowar kuma ba kaɗan ba ne. Akwai Commonwealth, akwai Gates a Kambirij, Clarendon a Oksfod, DAAD a Jamus. Amurka ta fi tsawo, shekara 5 ko 6, amma suna koyarwa daga tushe.

Kar ki raina na gida. Ibadan har yau suna kan aikin, Farfesa Rufus Akinyemi yana jagorantar gamayyar masu binciken cutar mantuwa ta Afirka, binciken shanyewar ɓarin jiki na SIREN ya haɗa har da Kano da Zariya. A Cape Town an yi aikin sikizofireniya a kan 'yan ƙabilar Xhosa da ya fito a 2020, binciken gadon taɓin hankali na NeuroGAP kuma ya tara mutane a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu.

Imel ɗinki gajere, ki karanta takardar farfesan guda ɗaya da gaske ki yi masa tambaya a kanta. Kuma ki tambaye shi kai tsaye ko akwai bayanan 'yan Afirka a aikin, in ya ce UK Biobank ce kawai ba laifi ki karɓa, amma ki ja taken ya karkata wajen yadda hanyoyin za su yi aiki a kan asali daban-daban. Duk ejan da ya ce ki biya ya samo miki gurbin digirgir ki toshe shi.

Alhajin Abbatuwa: To in ta tafi za ta dawo? Likitocin ƙwaƙwalwar ma 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar mutum sama da miliyan 200 na ji Likita ta taɓa faɗa, kullum kuma raguwa suke.

Sadiya Lissafi: Baba ba zan yi maka alƙawarin da ban san gobe ba. Abin da na sani wannan aikin kwamfuta da intanet yake so, ana iya yinsa daga Yaba ko Kano in akwai bayanan, kuma bayanan ba za su samu ba sai irin su Likita sun tattara irina mun lissafa. Taken da zan rubuta kenan in sha Allah, APOE4 a Afirka ta Yamma. Yaya zan turo maka daftarin ka duba min kafin in aika wa kowa.

Abban Hanifa: Turo, amma ki fara karanta takardun Ibadan ɗin tukuna, na 2001 da na bayansa.

Likita Maijidda: @Maman Khairat kafin in kwanta. Ku kai Hajiya asibiti ɓangaren ƙwaƙwalwa ko na tsofaffi, ki zuba duk magungunan da take sha a leda ki tafi da su har na gargajiya, don wani rikicewar daga magani ne ko ciwon fitsari ko ƙarancin sinadarin B12 ko maƙoƙo, waɗannan ana gyara su. In Alzheimer ce akwai maganin da ke ɗan rage alamun amma ba ya warkarwa, kar wani ya sayar miki da alƙawari. Ki ɗinka lambar wayar maigidan a cikin hijabinta da bakin zaninta. In ta ƙulle kaya da yamma kar ki ce mata Baffa ya rasu, sabon makoki za ta yi kullum, ki ce to Hajiya bari a yi sallah a ci abinci tukuna, ki kunna fitila da wuri ki ba ta wake ta tsince ko ki kunna mata karatu. Ki gaya wa maƙwabta biyu da kika yarda da su da mai shagon bakin layi, su ne za su tare ta in ta fita. Ke ma ki samu mai karɓarki ko yini ɗaya ne a sati. Ki min magana ta gefe gobe bayan azahar in gaya miki ranar da asibitin ke ganin tsofaffi.